Yadda Safiyo Ke Auna Nisa Bai Taka Wurin Ba

Duk wanda ya taɓa zama a zauren hakimi ko kotun alƙali ya san ba abin da ke raba zumunta kamar iyakar gona. Wannan ya ce daga tsamiya ne, wancan ya ce daga layin gamba ne, dattawan da suka shaida kuwa sun riga mu gidan gaskiya. In abu ya gagara sai a kirawo safiyo. Shi kuwa ya kafa wani ɗan akwati bisa ƙafa uku, ya leƙa, ya ce daga nan zuwa can mita 84 ne, alhali bai taka wurin ba. Mun sha jin malamai, har da masu koyar da lissafi, suna cewa wannan sai dai a karɓa ido rufe. Ba mu yarda ba. Malamin da za ya rubuta wannan adadi a littafin hukuma, ya kamata ya san inda ya fito.

Da fari da sarƙa ake awo. Wani Bature na Ingila, Edmund Gunter, ya tsara ta a 1620. Tsawonta ƙafa 66, ƙullinta 100, sarƙa 80 kuwa mil ɗaya ke nan. Amma sarƙa ba ta ƙetare kogi, ba ta ratsa sarƙaƙiya, in ta tsufa kuma miƙewa take yi, ta riƙa cin ƙasar mutane ba wanda ya sani.

To, ga dabarar da aka samo. Ku miƙa hannu, ku rufe ido ɗaya, ku dubi babban yatsa. Za ku ga ya rufe tulun da ke kusa, ya kuma rufe ɗaki sukutum in yana nesa. Watau gwargwadon nisan abu, gwargwadon faɗin da yatsa ke rufewa. In nisa ya ninka, faɗin ma ya ninka. Masu ƙira suka ɗauki wannan, suka sa layi biyu sirara a cikin madubin hangen safiyo, ɗaya bisa ɗaya ƙasa, suka daidaita ratarsu yadda kowace mita 100 ta nisa za ta nuna mita ɗaya tsakanin layukan. Yaron safiyo ya tafi ya tsai da sandar awo. In layin sama ya faɗa kan mita 1.92, na ƙasa kan 1.08, bambanci santimita 84 ke nan, a ninka sau 100, ga mita 84. Iyakar asirin ke nan. James Watt, mai injin tururi, ya yi aiki da irin wannan dabara wajen 1770 sa'ad da yake safiyon hanyoyin ruwa a Sikotlan.

Sai dai akwai wata 'yar matsala. A madubin farko, lissafin ba daga tsakiyar na'ura yake tashi ba, daga wani wuri ne gaba da gilashin, saboda haka kullum sai an ƙara wani ɗan adadi, mai mantuwa kuwa ya yi ta kuskure. Wani sojan Italiya, Ignazio Porro, ya ƙara gilashi guda a ciki wajen 1823, ya komo da mafarin lissafin tsakiyar na'ura. Daga baya Heinrich Wild, mutumin Suwizalan, wanda ya yi aiki da kamfanin Zeiss tun 1908 kafin ya kafa nasa a Heerbrugg a 1921, ya yi madubin da ba ya zuƙewa ko miƙewa in ana saita shi, sai wani ɗan gilashi ke motsi a ciki. Madubi ya gajarta, ya rufu ruf, abin da ake ƙarawa kuma ya zama ba a bakin kome ba. Wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka kulle ya san darajar wannan.

Amma fa a lura. Tun da ninkawa ake yi sau 100, in ido ya kauce da milimita ɗaya a kan sanda, an yi kuskuren santimita 10 a ƙasa. Da tsakar rana kuma, in ƙasa ta yi zafi, sanda sai ta riƙa rawa a madubi, musamman wajen layin ƙasa. Shi ya sa safiyon kirki ke sammako.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka juya ga wata hanya dabam, wato a aiki haske ya je ya dawo. Erik Bergstrand na Suwidin ya ƙera irin wannan na'ura wajen 1947, aka fara sayar da ita a 1953 da sunan Geodimeter. Ta fi ƙarfin ɗan dako ɗaya, da dare kuma ta fi aiki. Wuyar abin ita ce saurin haske, wajen kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Ina agogon da za ya kama wannan? Sai aka yi wayo. Aka sa fitila ta riƙa ƙiftawa, misali sau miliyan 15 a sakan. Kowace ƙiftawa ta ci mita 20, da yake kuwa zuwa da dawowa ne, mita 10 ke nan a ƙasa. Na'ura ta gwada hasken da ya dawo da wanda ke fita, ta ga da nawa ya makara. Ba ta san goma nawa suka wuce ba, ragowar kaɗai ta sani, kamar agogon da ke da hannun minti ba na awa. Don haka sai ta sake ƙiftawa a hankali, sau 150,000, wanda ke ba da awo na mita 1,000. Wannan ya ce kimanin mita 384 ne, na farkon ya ce ragowa mita 4.362. A haɗa, mita 384.362.

Abin da ya ƙanƙanta na'urar shi ne wata 'yar fitilar lantarki da ba ta kai ƙwayar gero ba. Da ita kamfanin Wild ya fito da Distomat DI10 a 1968, a 1993 kuma Leica ta fito da Disto mai hasken leza, wanda ake riƙewa a hannu. A na'urorin yau, gilashi ɗaya ne ido ke leƙawa ta ciki, hasken awo ya fita ta ciki, ya kuma dawo ta ciki. Wani madubi mai tace launi shi ke rabawa, ya ba ido nasa, ya ba na'ura nata. A ganinmu nan ne gwanintar take, gama hasken da ke dawowa ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, in wani ɓurɓushin mai fita ya kauce a ciki ya haɗu da shi, awo ya ɓaci. Zafi kuma kan sauya halin wayoyin ciki, saboda haka aka yi wa haske wata gajeriyar hanya a cikin akwatin wadda aka san tsawonta, na'ura ta riƙa gwada kanta da ita. A ɗaya gefen, maimakon sanda, gilashi ne da aka yanka kamar kusurwar ɗaki, mai mai da haske inda ya fito ko da an karkata shi kaɗan. Irinsa aka ajiye a kan wata a 1969.

Ko wannan ma ba ta wuce bincike ba. Zafin iska na sauya saurin haske, digiri ɗaya kan kawo kimanin milimita ɗaya a kilomita. Gilashin can kuma kowane iri da ɗan adadinsa da ake cirewa, sau da yawa milimita 30. In an sauya gilashi ba a sauya adadin ba, kowane awo na ranar ya karkace. Malamin ofis yana da ikon ya tambayi safiyo yaushe aka gwada na'urarsa a kan nisan da aka sani.

Ga malaman makaranta kuwa, muna roƙo ku gwada wannan a aji shida. Ku naɗe kwali kamar bututu, tsawon santimita 50. Ku toshe baki ɗaya ku bar ƙaramar huda, ɗaya bakin ku gitta zare biyu, rata milimita 5. Ga ɗaya bisa ɗari ke nan. Ku sami gora, ku shafa mata fari da baƙi kowace santimita 10, ku aiki yaro bakin filin ƙwallo. Mai leƙe ya ɗora bututun a kan tebur don kada hannu ya yi rawa, ya ƙidaya gaɓa nawa ke tsakanin zaren. Gaɓa biyar mita 50 ke nan. Sa'an nan a ɗauko tef a auna, kowane yaro ya rubuta da nawa ya kauce.