Idan Baitulmalin Ƙaramar Hukuma Ya Ƙafe

A unguwar Kabong, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, tsohon malamin firamare da ya ajiye alli ya fi kowa sanin ma'anar "babu kuɗi a baitulmali".

A Amurka, birnin Detroit ya bayyana wa kotu a 2013 cewa ya tsiyace, da bashin dala biliyan 18 a wuyansa. Kotu ta amince aka rage fanshon yawancin tsofaffin ma'aikatansa da kashi 4.5 cikin ɗari. A Nijeriya kuwa ba a zuwa kotu, sai dai a jinkirta biya, ɗan fansho ya yi ta zarya.

Filato ta ɗanɗana wannan. A 2012 ma'aikatan ƙananan hukumominta 17 sun shafe watanni suna yajin aiki kan albashin Naira 18,000, kuma a 2015 faɗuwar farashin mai ta sa albashi da fansho suka taru.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Abin da tsofaffin Kabong ke jira shi ne ranar da hukuncin zai kai ga aljihunsu.