Shingen Tukwane: Sutura Ga Mai Zaman Haya

Jama'a, kakanninmu da suka zo Kumasi fataucin goro sun baro gidaje masu zaure da katanga, inda baƙo ba ya ganin tsakar gida. Mu kuwa a nan Buokrom, yawancinmu gidan haya muke zaune, iyali takwas ko goma a tsakar gida ɗaya. Uwargida na tankaɗe a baranda, duk mai wucewa yana kallonta. In an rataya labule ya tare iska, in an nemi ɗaga bulo mai gida ya hana.

To, akwai mafita, wato shingen itatuwa a cikin tukwane. Ba a haƙa ƙasar kowa ba, kuma ranar tashi sai a ɗora su a mota tare da sauran kaya.

Abin nema shi ne icen da ba ya zubar da ganye lokacin hunturu. Lemun tsami na gaba, ga duhuwa ga 'ya'ya, sai dai a nisanta ƙayarsa da yara. Akwai kuma iksora, mai jajayen furannin nan da muke gani a harabar makarantu. Lalle ma yana yi, amma in ya sha ƙishi sai ya kaɗe.

Tukunya ta kai tsayin gwiwa. Ta ƙasa irin ta Pankrono ba ta ɗaukar zafi kamar rabin durom, ko da yake ta fi saurin bushewa. Wanda ba shi da hali ya yanke bakin jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor. Kowacce aka samu a huda gindinta, a ɗora bisa duwatsu. Kada a sa faranti a ƙarƙashi, domin ruwan da ya kwanta gidan sauro ne.

A haɗa baƙar ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, tsohon takin tumaki kashi 1. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A dasa a watan Afrilu, sa'ad da damina ta kankama. Daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙa ban ruwa kowace safiya, amma ban da ruwan wanki, gama sabulu na lalata ƙasa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A riƙa tsinke kan reshe tun yana ƙarami don ya yi rassa daga ƙasa, in ba haka ba sai ya miƙe ya bar gindi fayau. Bayan shekara 2 a rage saiwa, a sabunta ƙasa. Da Sallar Layya kuwa a ɗaure rago nesa, kada ya cinye wahalar shekara a dare ɗaya.

Kafin a jera tukwane a shawarci maƙwabta, kada a tare musu hanya ko wurin shanya. An daɗe ana yi wa Kumasi kirari da birnin lambuna, bai kamata Zango ya zama saniyar ware ba. Allah ya rufa mana asiri, amin.