Zagi da Ashar a Birnin Kano: Ina Munin Yake?

Kalmar "uwa" ba ta da wani aibi a ƙamus, haka ma "uba". Amma da zarar an liƙa musu ɗafin mallaka aka ce "uwarka" ko "ubanka", Bakano na cikin ganuwa zai ɗaure fuska, ko da saƙon gaisuwa aka kawo masa. Shi ya sa mai ladabi yake kaucewa ya ce "mahaifiyarka" ko "mahaifinka". Wannan ɗan misali ya isa ya nuna cewa munin zagi ba a cikin sautin kalma yake ba. Daƙuwa ma, wadda ake yi da buɗe yatsu biyar ba tare da furta komai ba, tana isar da saƙon cikakke.

Ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Zagi shi ne duk furucin da ke zubar da mutuncin wani. Batsa ita ce ambaton al'aura ko saduwa ƙarara, ko da ba wanda aka nufa. Ashar kuwa ta haɗa biyun, domin tana jingina al'aura ga iyayen wanda ake zagi, kuma a nan ne nauyinta yake. A al'ummar da ake tambayar mutum ɗan gidan wa ne kafin a tambayi sana'arsa, taɓa iyaye taɓa asali ne. Bugu da ƙari, ashar tana keta kunya, wadda A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a nazarinsa na 1974. Al'ummar da uwa ke ɓoye sunan ɗanta na fari, mace ke sakaya sunan mijinta, ake kiran makewayi da "bayan gida", ba abin mamaki ba ne ta ɗauki ambaton tsiraicin mahaifiya a matsayin ƙarshen rashin ta-ido.

Addini ya ƙara wa wannan hani ƙarfi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya zagin iyayen wani cikin manyan zunubai, saboda mai zagin shi ke jawo wa nasa iyayen ramuwa. A fiƙihun Malikiyya, wanda aka daɗe ana karantarwa a zaurukan Madabo da sauran unguwannin malamai, kore wa mutum nasaba ƙazafi ne, kuma haddinsa bulala 80 ne. Malikawa ma sun tsananta fiye da wasu mazhabobi, domin suna hukunta habaicin da manufarsa ta fito fili. Ke nan kalmar "shege" ba ƙaramar magana ba ce idan ta je gaban alƙali, musamman tun da Jihar Kano ta dawo da dokokin laifuka na Shari'a a shekarar 2000.

Sai dai wannan kalma ɗin ce matasa ke jefa wa ɗan ƙwallon da ya gwada bajinta, kuma yabo suke nufi. A nan ne bayanin da ya tsaya ga "ashar mummuna ce" yake gazawa. Tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Bakano da Bazazzagi, ana furta maganganun da za su haddasa faɗa a wani bagiren, a rabu ana dariya. 'Yan gambara sun gina sana'arsu kan batsa da zambo, jama'a na tsangwamarsu da baki, suna kuma yi musu kyauta da hannu. Wasan gwauro a lokacin tashe, ƙarƙashin Nalako, tozarci ne da al'ada ta ba wa lasisi na ƴan kwanaki a watan azumi. Abin da ke yanke hukunci shi ne dangantakar masu magana, da shekarunsu, da wurin da suke. Ko a wasan barkwanci akwai iyaka: da wuya abokin wasa ya kai ga mahaifiya.

Akwai kuma ashar ɗin da ba ta da wanda aka nufa, irin wadda ke suɓuce wa ɗan dako a Kasuwar Kurmi idan kaya ya faɗo masa a ƙafa. Binciken Richard Stephens na Jami'ar Keele a Ingila, a 2009, ya gano cewa masu furta irin waɗannan kalmomi sun fi jure sanya hannu cikin ruwan ƙanƙara. Wannan amfani kuwa daga hanin ya samo asali: da kalmar ba abar ƙi ba ce, da ba ta girgiza mai furta ta ba.

Matsalar da ta fi damun Kano a yau ta bagire ce. Maganar da a da ake yi a dandali tsakanin sa'o'i, yanzu waya na ɗauke ta ta kai gaban surukai da malamai da ƙananan yara a lokaci guda. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da Hukumar Hisba, suna fuskantar furucin da aka raba shi da dangantakar da ke halatta shi. Doka na iya kama kalma a faifan TikTok, amma ba ta da hanyar tantance ko mai furta ta taubashin wanda ya nufa ne.