MUJIYA A GAREJI: YADDA ZA A SALLAME TA BA TARE DA AN ZUB DA JINI BA

Tun daga Ikko da Ibadan har Kano da Maiduguri gidajen zamani sun yawaita, galibinsu kuwa da garejin ajiye mota. Shi gareji ɗaki ne mai duhu wanda ba a kwana ciki, ga tarkace, wani sa'in har da buhunan hatsi. Inda hatsi ya ke ɓera ba ya nisa, inda ɓera ya yi yawa kuwa nan mujiya kan biyo sawu. Sabo da haka ba abin mamaki ba ne maigida ya buɗe ƙofa da safe ya tarar da tsuntsuwa mai farar fuska a kan katakon rufi tana dubansa.

Abin da ya kan biyo baya sananne ne. Yara su zo da danƙo, manya su ɗauko sanda, kafin hantsi an kashe ta, don an ce kukanta alamar mutuwa ne, ko kuwa 'yar saƙon mayu ce. Ƙiyayyar ta kai har in jama'a suka tsangwami mutum sai a ce sun mai da shi mujiya. Alhali kuwa wannan camfi ne kurum, kuma a hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito an kore irin camfin da Larabawan jahiliyya su ke yi da ita.

Farar mujiya, wadda ta fi sauran shiga gine-gine, ma'aikaciya ce da ba ta neman lada. Abincinta ɓeraye ne da jaba, a dare guda ta kan ci uku ko huɗu, in tana da 'ya'ya kuma abin da ta ke kamawa ya ninka haka. Cikin waɗanda ta ke ci har da ɓeran nan mai yawan nonuwa, mai yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, watau cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. A ƙasar Malesiya ma har akwatuna a ke kafa wa mujiya a gonakin kwakwar manja don ta rage ɓarnar ɓera.

Duk da haka gareji ba ɗakinta ba ne. Tana ɓata mota da kashi, tana amayar da curin gashi da ƙasusuwa, 'ya'yanta kuma su kan kwana suna huci. To, yaya za a yi?

Da farko a duba a tabbata ko ita kaɗai ce. In kuskure ya kawo ta, aikin mai sauƙi ne. A kau da yara da kare da kyanwa, a rufe ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida, a lulluɓe tagogin gilashi don kada ta buga kanta. A bar ta ta wuni. Da magariba ta yi sai a kashe fitila, a buɗe babbar ƙofa, kowa ya ja da baya. Galibi da kanta za ta fice. Korarta da rana zalunci ne, gama hankaki da sauran tsuntsaye za su taru a kanta.

In ta gaji ko ta ji rauni har ta kasa tashi, sai babban mutum ya sa safar hannu mai kauri, ya jefa mata tawul ko bargo, ya haɗa fukafukanta da jikinta. Abin tsoro a wurinta farata ne fiye da baki, don in ta ga an matsa mata ta kan kwanta rigingine ta kai cafka. A sa ta a kwali mai hujoji, a ajiye a wuri mai sanyi da shiru. Kada a ɗura mata ruwa, yana iya shaƙe ta. Mai lafiya a sake ta da almuru kusa da gidan, mai rauni kuwa a kai ta asibitin dabbobi ko wurin ma'aikatan gandun daji.

Amma in an tarar da ƙwai ko 'ya'ya, to, sai haƙuri. Farar mujiya ba ta saƙa sheƙa, a kan bango ko cikin silin ta ke zuba ƙwai huɗu zuwa bakwai. Ta kan yi kwanci na kimanin wata guda, 'ya'yan kuma su yi kamar wata biyu kafin su iya tashi. Wanda ya toshe kafa a wannan lokaci ya yanke musu hukuncin mutuwa da yunwa, kuma shi zai sha warin. A rufe mota da tamfol, a jira. In ɗa ya faɗo ƙasa a mai da shi wurin 'yan'uwansa, domin iyayen ba safai su ke ciyar da na ƙasa ba, kuma taɓawar hannun mutum ba ta sa su ƙi shi.

Abu biyu ne ya wajaba a guje wa. Na ɗaya hayaƙi, gama kunna wuta a ɗakin da a ke ajiye fetur neman gobara ne. Na biyu maganin ɓera, domin mujiyar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta kan mutu, haka nan kyanwar gida.

Bayan an tabbata kowa ya fita, a toshe kafofin rufi da ragar waya. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, mai sharar ya ɗaure hancinsa, ya wanke hannu da sabulu. Hatsi a zuba shi a durom mai murfi. Wanda ya ke da fili, ya kafa mata akwati a kan itace ko dogon ginshiƙi nesa da ɗakunan kwana. Ta haka maigida ya sami garejinsa, unguwa kuma ba ta rasa mai gadin rumbunta ba.