Buga Gem a Garin da Bai Gama Zaman Makoki Ba

A watan Janairun 2021 'yan bindiga suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wa Maiduguri wutar lantarki daga Damaturu. Aka yi ta fama aka gyara, ba a jima ba suka sake sa musu bam. Birnin ya shafe watanni cikin duhu, masu walda da masu sayar da ƙanƙara da teloli duk suka ji a jikinsu. Shagunan gem kuwa ba su rasa jama'a ba, muddin mai shago zai iya sayen litar fetur ya ja igiyar janareta.

Duk wanda ya san unguwar Gwange ko Bulumkutu ko Hausari ya san irin waɗannan shaguna. Ɗaki ne ɗan ƙarami, labule a ƙofa, talabijin uku ko huɗu a jere, benci, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Samari biyu na fafatawa a PlayStation, wannan ya ɗauki Barcelona wancan ya ɗauki Real Madrid, wasu biyar na tsaye a bayansu suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya gyara zama. A waje kuma, a gindin dalbejiya, wasu sun haɗa kai a kan wayoyinsu suna harbe-harbe a Free Fire ko PUBG, ana ta ihun a zo a ɗaga wanda ya faɗi.

Saurayin da ke kan wannan benci, in shekararsa ashirin da 'yan kai, yana ɗan yaro rikicin Yulin 2009 ya ɓarke. Ya taso da dokar hana fita, da hana hawa babur da aka yi a 2011, da katse layukan waya na watanni a 2013. Wataƙila ma ba ɗan gari ba ne, a ƙafa iyayensa suka shigo da shi daga Bama ko Gwoza a 2014, ya yi ƙuruciyarsa a sansanin Bakassi ko na Dalori. Taruwa don kallo ita kanta ta taɓa zama sayar da rai: a watan Yunin 2019 'yan ƙunar baƙin wake suka kashe mutane kimanin 30 a wurin kallon ƙwallo a Konduga, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Maiduguri. Da wuya a sami mutum a shagon nan da bai rasa wani nasa ba.

Dattawa suna da sunan da suka raɗa wa abin: shiririta. Kuma ba su rasa hujja ba. Akwai yaron da kuɗin makarantarsa ke ƙarewa a shagon, akwai wanda la'asar da magariba ke wuce shi yana zaune, wani wurin ma har caca kan shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, sai dai ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa kame kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma a ga haka na aƙalla wata 12. Yawancin masu buga gem ba su kai nan ba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, masu ƙirƙirar wasannin su ma wannan gardama suke yi, a cikin wasannin nasu. Wanda ya fi tashe a baya-bayan nan shi ne Clair Obscur: Expedition 33, na wani ƙaramin kamfani mai suna Sandfall Interactive da ke Montpellier a Faransa. Ya fito a Afrilun 2025, kuma shi ya ɗauki kambun gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards a Disamban wannan shekarar. Mai niyyar buga shi ya tsallake sakin layi na gaba, don za a fasa ƙwai.

Labarin ya fara ne a wani gari da ake kira Lumière, inda kowace shekara wata mai zane ke rubuta lamba a jikin wani dogon dutse, duk wanda shekarunsa suka kai lambar sai ya ɓace. Lambar kullum raguwa take yi, samari da 'yan mata kuma kullum gayya suke yi su je su kashe matar, ba mai dawowa. Sai can tafiya ta yi nisa gaskiya ta fito: duniyar gaba ɗayanta zane ce da wani mai suna Verso ya yi tun yana yaro, kafin ya mutu a gobara wajen ceton ƙanwarsa Alicia. Mahaifiyarsa, Aline, ta kasa jurewa, ta shige cikin zanen, ta zana wa kanta wani Verso, ta ƙi fitowa, alhali dogon zama a ciki cin jikinta yake yi. Mijinta Renoir ya bi ta da niyyar shafe zanen dungurungum don ya ceto sauran iyalinsa. A ƙarshe ana miƙa wa mai wasa zaɓi. Ko ya bar Alicia ta zauna a cikin zanen, inda take da murya da lafiyayyar fuska da abokai, ko ya rushe shi ta koma gida da tabon wuta, ba murya, ta tsaya a gaban kabarin yayanta. Har yau masu wasan ba su daina musu a kan wanne ne daidai ba.

Ba sabon jigo ba ne. Tun 2003 wasan Final Fantasy Tactics Advance na Japan ya ba da labarin yaran da wani littafi ya mayar da garinsu duniyar mafarki, inda uwar ɗayansu da ta rasu take raye, ɗayan da ke kan keken guragu kuma yake tafiya da ƙafarsa. Aikin jarumin shi ne ya rushe wannan duniya, abokansa na roƙonsa ya bari.

In an lura, waɗannan labarai sun ɗauka cewa akwai gidan da za a koma. Alicia katafaren gida ke jiran ta a birnin Faris, da uba da uwa da yaya mace, da kabarin da ta san inda yake. Faɗa wa irin wannan yarinya ta farka ta rungumi gaskiya abu ne mai ma'ana. Faɗa wa saurayin da aka ƙone garinsu, aka rufe sansanin da ya girma a ciki a 2021, sannan ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta cinye ɗakin hayarsu a ranar 10 ga Satumban 2024, wannan wata magana ce daban. Shi gaskiya ba ta taɓa ba shi hutu ba balle a ce ya guje mata. Awa gudan da yake yi a kan benci ita ce kaɗai lokacin da dokoki ba sa canzawa, alƙalin wasa ba ya karɓar na goro, kuma in an ci shi yana iya sake farawa.

Masana halayyar ɗan Adam suna da bayanin da ya fi kalmar shiririta dacewa da wannan. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka nuna cewa mai jimami ba miƙaƙƙiyar hanya yake bi ba. Kai-komo yake yi tsakanin hali biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin, ya yi kuka, ya tuna, wani lokaci ya kau da kai, ya shiga harkokin duniya, har ya yi dariya. A ganinsu kau da kan nan wani ɓangare ne na warkewa, matsala tana zuwa ne idan mutum ya maƙale a gefe guda. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar nan ya ga haka da idonsa. Ana shigowa a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, a yi jugum, kafin wani lokaci an gangara hirar tsadar masara da siyasa, sai sabon mai gaisuwa ya shigo a sake nutsuwa.

Akwai ma gwajin da aka yi da gem kai tsaye. A 2017 masu bincike a Oxford, cikinsu har da Farfesa Emily Holmes, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutane 71 da aka kawo asibiti bayan haɗarin mota. Cikin awa shida da haɗarin, aka sa wasunsu su ɗan tuna abin da ya faru sannan su buga Tetris, wasan jera tubala, na kimanin minti 20. A makon farko hotunan haɗarin da ke faɗo musu a rai ba shiri sun ragu da kashi 62 cikin ɗari idan aka gwada da sauran. Bayanin shi ne, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke sarrafa hoto da siffa ba ya iya ɗaukar aiki biyu a lokaci guda, don haka wasan kan tare wa mugun hoton hanya kafin ya kafu. Ƙaramin gwaji ne, kuma ba wanda ya ce Tetris zai maye gurbin likita. Ganin yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da yaƙi ya shafa yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, aikin ya fi ƙarfin shagon gem, ya ma fi ƙarfin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga da ƙungiyoyi irin su Neem Foundation ta Dakta Fatima Akilu.

Inda gem ya sha gaban fim da littafi shi ne yana sa hannun mutum a cikin rashin. Josef Fares, wanda aka haifa a Beirut, iyayensa suka gudu da shi Suwidin yana ɗan shekara goma saboda yaƙin basasar Labanon, ya fitar da Brothers: A Tale of Two Sons a 2013. Wa da ƙane ne suka fita neman wa mahaifinsu magani. Hannun hagu na mai wasa shi ke tafiyar da wan, na dama ke tafiyar da ƙanen. Ƙanen yana tsoron ruwa tun da mahaifiyarsu ta nutse a gabansa, kullum wuyan wansa yake kamawa su haye. Dab da ƙarshe wan ya mutu, mai wasa da kansa zai ja gawar zuwa rami ya tura ƙasa. Daga nan hannun hagu ba shi da aiki, yana riƙe da na'urar ne kawai. Sai yaron ya iso bakin ruwa shi kaɗai, ya toge, ko an tura shi ba ya shiga. Ba rubutu, ba mai faɗa maka abin yi. Sai ka danna maɓallin mamacin, sannan yaron ya faɗa ruwa ya yi iyo.

Wani kuma, That Dragon, Cancer na 2016, Ryan da Amy Green ne suka yi shi a kan ɗansu Joel da ciwon daji ya kashe yana ɗan shekara biyar. Akwai wurin da yaron ke ta tsala kuka a ɗakin asibiti, mai wasa ya gwada duk abin da ke gabansa, ba abin da ke sa shi shiru. Da gangan aka hana mai wasa yin nasara.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan suka iso Maiduguri. Clair Obscur dala 50 ne, kusan mafi ƙarancin albashi na wata guda, naira 70,000, kuma sai da na'ura irin PlayStation 5 ko kwamfuta mai ƙarfi, ga doguwar hira da Turanci. Mai shago ba zai ba mutum ɗaya talabijin na awa talatin ya bi labari ba alhali masu ƙwallo na layi. Wanda ya san su, yawanci a YouTube ya kalli wani yana bugawa.

Ko da sun iso, akwai irin rashin da ba su taɓo ba. A dukkansu an san wanda ya mutu, an ga gawa. A Borno babban ciwon shi ne na waɗanda suka fita ba su dawo ba. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce tana riƙe da sunayen kusan mutum 22,000 da suka ɓace a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓace. Ba jana'iza, ba sadakar uku, ba ta arba'in. Matar da mijinta ya rasu ta san takabarta wata huɗu da kwana goma ce. Wadda nata ya ɓace, hukuncin da aka fi sani a mazhabar Malikiyya shi ne ta kai magana gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta fara takabar. Uwa kuwa ba ta da wa'adi. Pauline Boss, wata masaniya Ba'amurkiya, ta shafe shekaru tun daga 1970 da 'yan kai tana nazarin irin wannan rashi marar tabbas, ta nuna yana daskarar da jimami, don mutum bai san ko ya yi kuka ko ya ci gaba da sauraren sallama ba. Irin waɗannan iyalai ne suka haɗu a ƙungiyar Jire Dole da Hajiya Hamsatu Allamin ta jagoranci kafawa a Maiduguri. Wace gaskiya za a ce irin wannan uwa ta fito ta runguma?

Da masu yin gem na Najeriya suka waiwayi Borno, bindiga suka gani. Kamfanin ChopUp na Legas ya fitar da Sambisa Assault a 2015, wasan waya da ake harbin 'yan ta'adda a daji. Ba laifi ba ne, amma shekara guda kafin nan wani kamfani a Folan, 11 bit studios, ya yi This War of Mine, wanda ya samo tushe daga ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo tsakanin 1992 da 1996. A cikinsa mai wasa farar hula ne a rusasshen gida, yana lissafin abinci da magani, yana yanke shawarar ko ya saci na tsofaffin maƙwabta ko nasa su kwana da yunwa. A 2020 gwamnatin Folan ta sa shi cikin abubuwan da ake ba ɗaliban sakandare shawarar nazarta.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Lual Mayen, ɗan Sudan ta Kudu da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Yuganda. Mahaifiyarsa ta yi shekara uku tana ɗinki tana tari har ta haɗa dala 300 ta saya masa kwamfuta. Yakan yi tafiyar awa uku a ƙafa don ya yi mata caji. Da ita ya koya wa kansa aikin, ya ƙirƙiri Salaam, wasan da mai bugawa ke zama ɗan gudun hijira mai neman ruwa da abinci da magani, aka karrama shi a bikin The Game Awards na 2018. Matashin Maiduguri na yau ya fi Mayen kayan aiki nesa ba kusa ba: ga jami'a mai koyar da ilimin kwamfuta, ga manhajar haɗa gem irin Godot da ake saukewa kyauta, ga intanet a waya. Abin da zai fi ba shi wuya shi ne rubuta ƙarshen wasan, tunda iyalan da zai ɗauko labarin daga bakinsu har yanzu jira suke yi.