Idan Agogon Tanderu Ya Yi Ƙarya

Kowa ya san gurasa. Mai yin ta takan hura wuta cikin tanderun yumɓu, ta jira itacen ya zama garwashi, sa'an nan ta miƙa hannu bakin tanderun ta ji zafinsa. In ya yi daidai, sai ta manna ƙullu a jikinsa. Hannunta shi ne ma'auninta. Haka ake yi a birnin Kano tun kaka da kakanni, haka kuma ake yi a ƙauyukanmu.

Yanzu kuwa wani irin tanderu ya shigo gidaje. Masu walda ne ke ƙera shi da ƙarfe, kamar akwati mai ƙofa. Wani da gawayi yake aiki, wani da gas. Mata a Kiru da Bebeji da Tudun Wada suna gasa burodi da kek a cikinsa, a kai kasuwa ko tasha, kamar ta Kwanar Dangora. Wannan tanderu ba a auna shi da hannu. A jikin ƙofarsa akwai wani abu mai kama da agogo, mai allura guda da lambobi. Shi ke faɗin zafin da ke ciki. Sunansa ma'aunin zafi, amma mu kira shi agogo, don ya fi sauƙin riƙewa.

To, agogon nan yana iya yin ƙarya. Wata ɗalibar ajinmu ta kwaɓa fulawa mudu biyu. Ta jira allura ta kai 180, ta sa burodinta. Da ta buɗe, sai ta tarar bayansa ya ƙone ƙurmus, cikinsa kuwa ɗanye. Ta ce laifin fulawa ne, ta sayo wata. Aka maimaita. Sau uku ana haka, har jarinta ya kusa karyewa. Ashe fulawa ba ruwanta.

Mu duba bayan agogon. Akwai wani tsinken ƙarfe da ya shiga cikin tanderu. A cikin tsinken akwai ƙarfe iri biyu, an haɗa su an murɗe. Ƙarfe in ya ji zafi yakan miƙe, amma wani ya fi wani miƙewa. Saboda haka sai murɗin ya juya, ya juya allura. Ke nan agogo bai san zafin tanderu duka ba. Zafin da ya taɓa tsinken nan kaɗai ya sani.

Kafin mu zargi agogo, mu fara zargin idonmu. Agogo da yawa suna da layin lambobi biyu, ɗaya da harafin C, ɗaya da harafin F. Ba awo ɗaya ba ne, kamar yadda mudu da tiya ba ɗaya ba ne. 180 na C shi ne wajen 350 na F. Wanda aka ce masa 180 ya je ya karanta a layin F, har rana ta faɗi kek ɗinsa ba zai gasu ba. Ga amfanin lambobin da muka sha wahalar koyo a allo.

In karatun daidai ne, sai mu kashe wuta, mu bar tanderu ya huce sarai. Mu duba tsinken. Maiƙo da baƙin hayaƙi sukan lulluɓe shi, sai allura ta riƙa jinkiri, ciki ya yi zafi ita tana baya. A goge shi da tsumma da ruwan sabulu, a hankali, kada a lanƙwasa shi. In ya riga ya lanƙwashe yana taɓa faranti ko bangon tanderu, zafin ƙarfen zai faɗa, ba na iskar ciki ba. Mu duba ƙofa kuma. In ba ta rufuwa ruf, iska mai sanyi tana shiga ta bi ta kan tsinken. Allura ta ce 180, alhali can ƙurya ya wuce haka nesa.

Sa'an nan mu gwada agogon kansa. Wannan shi ne babban aikin, kuma ba ya cin kuɗi. A kwance agogon, a tafasa ruwa, a tsoma tsinken kawai, kada ruwa ya taɓa gilashin. A jira allura ta tsaya. Ruwa yana tafasa a 100 na C a bakin teku. A nan wajenmu, da yake ƙasarmu tudu ce, wajen 98 ne. In allura ta tsaya kusa da nan, agogo mai gaskiya ne. In ta tsaya a 80, to, yana rage awo, kamar mudun da aka bubbuge gindinsa.

Wanda agogonsa ba ya kwancuwa, sukari zai taimake shi. Farin sukari yana narkewa a wajen 186 na C. A zuba cokali guda a ƙaramin faranti, a sa tsakiyar tanderu, a riƙe allura a 175 har minti 15. Bai kamata ya narke ba. In ya narke, tanderu ya fi abin da agogo ya faɗa zafi. In kuwa an kai 190 yana nan garinsa, to, zafin bai kai abin da aka faɗa ba.

Akwai kuma tanderun lantarki na kanti. Shi tsinkensa yana bangon baya daga ciki, kuma shi ke sa wuta ta ɗauke in zafi ya isa. Gwajin sukari yana yi masa aiki. Amma ban da gogewa bayan an zare waya daga bango, kada mu taɓa kome. A kira mai gyara, yana da mitar da zai auna tsinken. Haka kuma in mun ji warin gas, mu rufe tukunyar gas, mu buɗe taga, kada kowa ya ƙyasta ashana.

Ɗalibar nan tamu, da muka gwada agogonta a tafasasshen ruwa, lafiyarsa lau. Ƙofa ce ta karkace. Mai walda ya daidaita ta, ta goge tsinken, burodi ya koma fitowa ja-ja-wur. Ranar aji mai zuwa, duk mai irin wannan agogo a gida ya zo da shi. Malaminku zai tanadi tukunya da itace.