Sankarar Mama: Bayan Mamogiram, Wace Hanya ce Abin Dogaro?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma 670,000 sun rasu. A wajenmu jinkiri ne ke yin ɓarnar. Sai ƙullutu ya girma, wani lokaci har ya fashe, an gaji da shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sannan a nufi asibiti.

Mamogiram, na'urar da aka fi dogara da ita, tana matse mama tsakanin faranti biyu ta ɗauki hotonsa. Tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, kuma a jikin mata masu ƙuruciya naman kan fito fari fat a hoton, ƙullutun ma fari, sai ya saje. A nan sikanin ke da rana, irin dai wanda ake yi wa masu juna biyu. Da sauti yake aiki, ba ya ciwo, yana kuma bambanta ƙullutu mai ruwa da mai tauri. Hoton MRI ya fi su gani, amma kuɗinsa ya sa an fi ware shi ga matan da cutar ke bin danginsu.

Akwai kuma kyamarar da ke auna zafin fata, bisa hujjar cewa jini ya fi kwarara inda sankara take. Kamfanin Niramai na Indiya ya haɗa ta da manhajar kwamfuta mai tantance hoton. Ko taɓa mace ba a yi, abin da zai yi wa masu kunya daɗi. Sai dai hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa hoton zafi ba ya maye gurbin mamogiram. Duk mai tallarsa a matsayin gwajin ƙarshe, kuɗinki yake nema.

An gwada wata 'yar na'urar hannu, iBreastExam, a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Ana goga ta a kan mama ta gano inda ya yi tauri. Ta fi hannun ma'aikaci tsinto ƙullutu, amma takan tayar da hankali a kan abin da ba komai ba.

A ganina, labarin da ya fi shafarmu na Mumbai ne. Asibitin Tata ya horar da mata ma'aikatan lafiya su riƙa duba mama da hannu duk bayan shekara biyu, aka bi mata fiye da 150,000 tsawon shekara 20. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna an riƙa gano cutar da wuri, kuma mace-macen da take jawowa tsakanin 'yan shekara 50 zuwa sama sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wannan bai fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma ba.

Duk waɗannan hanyoyi nuni kawai suke yi. Tabbaci sai an ɗebi ɗan nama da allura an duba. 'Yar'uwa, in kin ji ƙullutu a mama ko hammata, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ki je asibiti a makon nan, ko da babu ciwo.